Tallafin Karatu a Ƙasar Waje: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Daga watan Agusta zuwa Fabrairu, gwamnatocin ƙasashe da dama suna buɗe ƙofofin tallafin karatunsu ɗaya bayan ɗaya, kuma idan ranar rufewa ta zo suna rufewa, ko an shiga ko ba a shiga ba. A wannan tsakanin shagunan kwamfuta na Kawo da Malali da Unguwar Rimi da Tudun Wada a Kaduna ba sa rabuwa da matasa, kowa da ambulan ɗin takardunsa a hammata. Da yawa daga cikin waɗanda ke faɗuwa suna da ƙwaƙwalwar da ake nema. Sakaci da takarda ne ke kayar da su, ko ƙarya, ko son banza.

Kuɗin da za a kashe maka harajin wasu ne, ko na Baturen da bai taɓa jin sunan Badarawa ba, ko na ɗan tireda a Kasuwar Barci. Don haka amana ce, tana da sharuɗɗa kafin a ba ka, tana da hakki bayan ka karɓa. Ga ƙa'idojin. Da namiji da mace nake, da ɗalibi da ma'aikaci.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka san wace gwamnati ce ke biya, da abin da take biya.
Tallafin iri uku ne. Akwai na gwamnatocin waje: Chevening na Birtaniya da aka fara a 1983, Fulbright na Amurka tun 1946, DAAD na Jamus, MEXT na Japan, na gwamnatin Turkiyya, na Hangari, na Sin, da guraben Saudiyya irin na Jami'ar Musulunci ta Madina. Akwai na Gwamnatin Tarayya, ta hannun hukumar tallafin karatu da ke Ma'aikatar Ilimi a Abuja, da asusun PTDF mai ɗaukar nauyin fannonin man fetur da makamashi. Akwai kuma na jihohi: Kaduna tana da hukumarta ta tallafin karatu da bayar da rance, Kano kuma ta ɗauki masu digiri 1,001 a 2023 domin digiri na biyu a Indiya da Uganda. Kafin ka cike komai, ka rubuta amsar tambayoyi biyar: wa zai biya kuɗin makaranta, wa zai biya masauki, wa zai biya jirgi, wa zai biya inshorar lafiya, wa zai ba ka na abinci duk wata. Wanda ya ce maka "an ɗauki nauyin komai" bai amsa ko ɗaya ba.

2. Ka daidaita sunanka da ranar haihuwarka a kan kowace takarda.
Wannan ita ce cutarmu ta gado. Ka baje takardunka a kan tabarma ka duba: a sakamakon WAEC kai ne Muhammed Sani, a takardar digiri Mohammed Sani Kawo, a lambar NIN Sani Muhammad, a fasfo kuma an ƙara sunan kakanka. Ranar haihuwa ma biyu ce, ta gaskiya da wadda aka rage maka saboda bautar ƙasa. Ma'aikacin da ke tantancewa a Ankara ko Landan bai san duk kai ɗaya ne ba, kuma ba zai kira ka ya tambaya ba. Zai ajiye fayil ɗinka ya ɗauki na gaba. Ka zaɓi suna ɗaya da jeri ɗaya. Ka yi takardar rantsuwa a kotu, ka buga sanarwa a jarida idan ta kama, ka gyara NIN kafin fasfo. Aikin watanni ne, a fara shi tun ana sauran shekara.

3. Ka tara takardunka tun ba a buɗe ba.
Fasfo mai sauran dogon wa'adi. Takardar digiri ta ainihi. Takardar makin da ka samu a kowane zango, wadda ke ɗaukar lokaci kafin ta fito daga makaranta, ko KASU ka yi, ko Kadpoly, ko ABU Zariya. Takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa. Wasu ƙasashen suna so a buga wa takardun hatimi a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancinsu, duka a Abuja. Ka sa kuɗin jirgin ƙasa daga tashar Rigasa da na kwana a lissafi. Idan jami'ar da kake so tana buƙatar jarrabawar Turanci ta IELTS, ka tuna sakamakonta shekara biyu yake yi ya mutu.

4. Ka karanta sharuɗɗa da idonka, ka auna kanka da gaskiya.
Chevening na digiri na biyu ne mai shekara ɗaya, kuma yana neman gogewar aiki ta shekara biyu, wato awa 2,800. Shirin DAAD na fannonin raya ƙasa shi ma yana neman shekara biyu na aiki. Turkiyya tana da iyakar shekaru: ƙasa da 21 ga digiri na farko, ƙasa da 30 ga na biyu, ƙasa da 35 ga na uku, kuma mai neman karatun likita sai makinsa ya kai kashi 90 cikin ɗari. Tallafin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila yana bi ta hukumar tallafin karatu ta tarayya, ita ke miƙa sunaye. Wanda ya cike fam ɗin can bai cike na nan ba, rabin aiki ya yi. Sharuɗɗan suna canzawa, don haka sanarwar bana za ka karanta a shafin masu abin, ba abin da wanda ya je shekara biyar da suka wuce ya gaya maka a majalisa ba.

5. Ka rubuta bayaninka da kanka, a kan abin da hannunka ya yi.
Masu tantancewa sun gaji da "ina so in taimaki ƙasata". Kowa haka yake rubutawa. Ma'aikaciyar jinya da ta rubuta cewa ta lura mata masu ciki daga Rafin Guza ba sa dawowa awo na biyu, ta bi su gida-gida ta gano dalili, ta shawo kan shugabarta aka sauya ranar awo, ta faɗi yadda adadin ya canza a rajistar asibiti, ita ce za a kira ganawa. Malamin firamare da ya kafa ajin yamma ga yaran da ke talla, ya faɗi ta yaya ya samu aji da alli, ya fi wanda ya jero muƙamai goma na ƙungiyoyin da ba sa taro. Ka faɗi matsalar, ka faɗi abin da ka yi, ka faɗi abin da ya biyo baya, sannan ka nuna yadda kwas ɗin da ka zaɓa zai ɗora a kai idan ka dawo. Ka ba wanda ya fi ka Turanci ya gyara kuskure, amma tunanin ya zama naka, domin a ganawa a kansa za a titsiye ka.

6. Ka zaɓi masu yi maka shaida daga cikin waɗanda suka san aikinka.
Malamin da ya duba kundin digirinka ya fi sanatan da bai san fuskarka ba. Ka je ka gaishe shi da ƙafarka, ka kai masa tarihin karatunka da aikinka, ka gaya masa ranar rufewa, ka ba shi aƙalla wata guda. Ka tabbata adireshin imel ɗin da ka sa nasa yana aiki, kuma yana buɗe shi.

7. Idan ma'aikaci ne kai, ka nemi hutun ƙaro ilimi a rubuce.
"Oga ya ce ba komai" ba takarda ba ce. Ogan na iya yin ritaya ko a yi masa canji kana can. Ka rubuta ta hannun shugabanka, ka bi fayil ɗin har amincewa ta fito, ka san ko da albashi ne ko babu, ka karanta yarjejeniyar shekarun da za ka yi wa ma'aikatarka aiki bayan dawowa kafin ka sa hannu. Ka riƙe kwafi, ka bar kwafi a gida.

8. Ka tabbata takardar da za ka kawo za ta karɓu a gida.
Duk wanda ya yi digirin farko a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta tantance takardarsa kafin bautar ƙasa, likita kuma sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN kafin ya taɓa majinyaci. A ƙarshen 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samu digiri a Kwatano cikin mako shida. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren a Fabrairun 2022, MDCN ta ce ba za ta amince da karatun likitan da aka ƙarasa ta intanet ba. Ka bincika makaranta, ka bincika zaman lafiyar ƙasa. Iyayen da 'ya'yansu suka tsere daga Hartum ta hamada bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a 15 ga Afrilun 2023 sun san abin da ake nufi.

9. Ka zauna da iyalinka tun farko, ka kuma yi guzuri.
Yawancin tallafin nan na mutum ɗaya ne, ba ya ɗaukar mata ko miji ko yara. Mai iyali ya tsara wa zai riƙe gida, da me za a ci, wa zai biya kuɗin makarantar yara. 'Yar'uwa, ki yi maganar da mahaifinki ko maigidanki ranar da za ki fara cike fam, ki nuna musu makarantar da masaukin da tsawon lokacin. Kada ki bari sai takardar nasara ta zo sannan gida ya ɗauki zafi. Akwai kuma kuɗin da kan fito daga aljihunka kafin alawus na farko ya shigo: gwajin tarin fuka ga mai zuwa Birtaniya, katin rigakafin shawara, zirga-zirgar Abuja, rigar sanyi, abincin makonnin farko.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka ba kowa kuɗi don ya samo maka gurbi.
Chevening, Fulbright, MEXT, na Turkiyya da na Madina duk kyauta ake nema. Babu wakili, babu "kason Arewa" a hannun wani Alhaji, babu fam na sayarwa. Saƙon da ke yawo a WhatsApp mai cewa gwamnatin wata ƙasa tana ɗaukar mutum dubu ba jarrabawa, a tura wa rukuni goma, a biya kuɗin rajista a asusun wani mutum, tarko ne. Haka ma wanda ya zo da babbar riga ya ce yana da hanya a ofishin jakadanci, a kawo rabi yanzu rabi bayan biza. Ofishin jakadanci ba ya karɓar kuɗi ta asusun mutum. Wanda aka riga aka cuta ya kai ƙara ofishin EFCC na Kaduna, ya daina rufa wa ɓarawo asiri don kunyar a ce an yi masa wayo.

2. Kada ka yi ƙarya, ko ƙanƙanuwa ce.
Ban da ƙara maki, ban da takardar aikin da ba ka yi ba, ban da takardar banki ta aro da aka gyara a kwamfuta. Ana kiran makarantu da ma'aikatu a tambaya. A dokar Birtaniya, takardar jabu a neman biza na iya jawo haramcin shiga na shekara 10. Kwafe bayanin wani ma ƙarya ce: akwai shagon da yaro ɗaya zai cike wa mutum goma fam da rubutu iri ɗaya, sunan unguwa kawai yake canzawa, kuma na'urar gano satar rubutu tana kama su a tare. Chevening ya hana a sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta wa mai nema amsoshinsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

3. Kada ka bar imel ɗinka da lambar sirrinka a hannun mai shago.
Duk wata magana ta imel za ta zo: gayyatar ganawa, neman ƙarin takarda, wa'adin kwanaki kaɗan na amsa tayi. Wanda aka buɗe wa adireshi a shago bai ko san lambar sirrinsa ba, zai ji labarin an neme shi bayan an ba wani gurbin. Ka buɗe naka da cikakken sunanka, ka sa a wayarka, ka duba kullum har da akwatin tarkace.

4. Kada ka jira ranar ƙarshe.
A ranar ne shafin ke cushewa, wuta ta ɗauke, data ta ƙare. Agogon rufewa na ƙasarsu ne, ba na Kaduna ba. Chevening kan buɗe a Agusta, Hangari kan rufe a tsakiyar Janairu, Turkiyya kan karɓa daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Ka miƙa naka ana sauran mako guda.

5. Kada ka raina ƙasa, kada ka raina harshe.
Wasu sun kafe sai Ingila ko Amurka, alhali dokokin bizar Amurka sun ƙara tsanani a kan 'yan Najeriya tun 2025. Injiniya ko likitan da aka horar a Jamus, Japan ko Turkiyya ba ya jin kunyar kowa. Turkiyya tana ba da shekara guda ta koyon harshenta a cikin tallafin; ka ɗauke ta da muhimmanci, domin da shi za ka yi ciniki a kasuwa, ka yi wa likita bayani. Harshenka ma jari ne: a ƙarƙashin Fulbright akwai shirin da ya kai matasan malamai daga Najeriya su koyar da Hausa a jami'o'in Amurka na tsawon shekarar karatu guda.

6. Kada ka ajiye aiki ko ka sayar da fili kafin biza ta shiga fasfo.
Kiran ganawa ba nasara ba ce. Shiga jerin masu jiran gado ba nasara ba ce. Ko takardar taya murna tana iya zuwa da sharaɗin sai ka samu gurbi tabbatacce a jami'a. Ka kama bakinka, ka bar walima da sanarwa a Facebook sai komai ya kammala.

7. Kada ka jingina rayuwarka kacokan a kan alawus ɗin gwamnatin gida.
A shirin yarjejeniyar ilimi tsakanin Najeriya da ƙasashe irin su Rasha, Maroko, Aljeriya, Hangari da Sin, ƙasar da ta karɓi ɗalibi ce ke ɗaukar karatunsa, Najeriya kuma ta ba shi na kashewa. Ɗalibai sun yi watanni ba a biya su ba, a 2024 aka rage alawus ɗin daga dala 500 zuwa 220 a wata, a 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da ɗaukar sababbi. Na jihohi ma sauyin gwamnati na iya tsayar da biya, makaranta ta riƙe takardar ɗalibi saboda bashin da ba shi ya ci ba. Kafin ka hau jirgi ka tambayi waɗanda ke can yaushe rabonsu da alawus. Ku kuma iyaye da dangi, ku ji tsoron Allah: kuɗin nan na abinci da haya ne a ƙasar da komai ke da tsada. Ɗalibi ba ɗan ci-rani ba ne, kada a ɗora masa cefane da ankon biki.

8. Kada ka karya sharaɗin biza ko dokar ƙasar da ta karɓe ka.
A Birtaniya awa 20 a mako aka yarda ɗalibin digiri ya yi aiki lokacin karatu. Wanda ya zarce yana wasa da zamansa. Fashin aji ana rubutawa, faɗuwa jarrabawa na iya yanke tallafi. Ka nisanci zanga-zanga da siyasar ƙasar mutane, ka kiyaye abin da kake rubutawa a intanet. Ka riƙe sallarka da tarbiyyarka, ka girmama nasu tsarin, ka yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya da zarar ka sauka.

9. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ba.
Ko na ɗan'uwa ne, ko an ce yaji ne da kuka da daddawa, ka kwance ka gani. Magani irin tiramadol na kai mutum kurkuku a ƙasashen Larabawa. Ka tsaya a kan kayanka a filin jirgi har a manna musu lamba, ka ƙirga lambobin da aka ba ka. An taɓa tsare wata ɗaliba mai karatu a Kano watanni a Saudiyya saboda jakar ƙwaya da aka maƙala wa sunanta, sai a 2019 gaskiya ta fito aka sake ta.

10. Kada ka maƙale a can.
Wannan ce babbar ƙa'ida. Chevening ya shar'anta komawa gida na aƙalla shekara biyu, bizar Fulbright ma haka. A 2023 shugaban asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, Sonny Echono, ya shaida wa kwamitin Majalisar Wakilai cewa sama da malamai 137 da asusun ya tura waje sun ƙi dawowa. Daga 1 ga Janairun 2025 asusun ya dakatar da tura malamai waje, kuma dalilan da ya bayar su ne tsadar canji da gudun waɗanda aka tura. Ƙaramin malamin da ke jiran layinsa a Kadpoly ko KASU shi ya biya bashin wanda ya gudu, haka ma wanda ya tsaya wa mai gudun a takardar yarjejeniya.

Na gaba da mu ba haka suka yi ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, ya dawo. Malam Aminu Kano ya bi sahu a 1946, ya dawo, shi ne kuma ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Sheikh Abubakar Gumi ya je Bakht al-Ruda a Sudan a tsakiyar shekarun 1950, ya dawo har ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa. Dakta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, ya yi karatu a Birmingham ya dawo ya duba marasa lafiyarmu. Shi ya sa a Kaduna ake da titin Tafawa Ɓalewa, da kasuwar Gumi, da asibitin Barau Dikko. Albashin gida bai kai na waje ba, kayan aiki ma ba su kai ba, wannan gaskiya ne, amma ka san da haka ranar da ka sa hannu. Ka cika shekarun da ka yi alƙawari. Bayan nan duniya a buɗe take, ka tafi da fuskarka a wanke.

Wanda ya nema bai samu ba, ya gyara ya sake nema baɗi, domin da yawa daga cikin waɗanda suka tafi ba a karon farko suka dace ba. Wanda ya je ya dawo kuma, ya ware yammacin Asabar ɗaya a wata, ya tara yaran unguwarsu a makarantar firamare ko harabar masallaci, ya duba musu takardu, ya nuna musu yadda ake cike fam, kyauta kamar yadda aka ba shi kyauta. Allah Ya ba mai rabo sa'a, Ya kuma ba shi ikon riƙe amana.